Kafin Motar Jado Ta Ɗauke Shi



Maganar da za mu yi yau ba za ta yi wa kowa daɗi ba, kuma mun san wasu za su ce mun kwance wa gari zane a kasuwa. To a yi haƙuri da mu. Mun daɗe muna haɗiye ta, yanzu ta tsaya mana a wuya.

Akwai wani yaro. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba za mu faɗi lakwal ɗinsa ba, kuma don Allah kada wanda ya gane shi ya nuna ya gane. Iyayensa makiyaya ne a dajin Dannet, awaki da 'yan raƙuma. An haife shi a 2009, shekarar da marigayi shugaba Tandja ya zo ya aza tubalin farko na Imuraren, lokacin da kowane uba a yankin nan yake ganin ɗansa zai girma ya tarar da aiki yana jiransa a bakin ƙofa. Yaron ya girma, aikin bai zo ba. Da ya gama firamare aka kawo shi Akokan, gidan ƙanen mahaifiyarsa, don ya yi kwaleji. Shekarunsa na farko bai taɓa sauka ƙasa da 13 bisa 20 ba. Yaro ne da ya tashi da Tamajak a gida, ya koyi Hausa a titi, yake karatu da Faransanci, kuma duk da haka yana gaban 'ya'yan gari da yawa.

Bana, shekarar BEPC, takardar zangon farko ta fito da 7.

Me muka yi masa? Mu ce "mu", don babu wanda hannunsa yake da tsabta a cikin wannan. Mushe ya karanta makin a gaban aji, ya ƙara da cewa daji ya fara kiran ɗansa, aji ya yi dariya. Kawu ya karɓe masa waya, ya ciro bel. A fada aka sa masa suna. Aka aika wa mahaifinsa saƙo can daji cewa ɗanka ya lalace, ya shiga mugayen abokai. Mu ma da muke rubutun nan, da labarin ya zo mana, abin da muka fara cewa shi ne: yaran yanzu ba su son wahala. Wata biyu cur ana yi masa hukunci, babu wanda ya zaunar da shi ya ce, me ke damunka?

Wadda ta tambaya wata tsohuwa ce mai ƙosai a bakin layinsu, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta ga yana wucewa da safe ido jajur, ya daina saye, ya daina gaisuwa da fara'a. Ta kira shi ta ce, "Ɗana, zo nan. Kana samun barci kuwa?" Tambayar ke nan. Sai yaro ya durƙusa gefen kaskon ya fashe da kuka.

Abin da ya fito daga bakinsa ga shi. Kawunsa yana cikin waɗanda aikinsu ya tafi da Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ranar da ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Ɗan abin da aka samu an ci, ya ƙare. Gidan mutum goma sha ɗaya ne, kuma kowane dare ta bayan labule yana jin ana ƙirga bakuna, nasa bakin ne na ƙarshe a lissafi. Ya ji an sayar da awakin mahaifiyarsa don a aiko masa da kuɗin littattafai. Tun daga nan in ya buɗe littafi ba ya ganin rubutu, awakin yake gani. Barci ya ƙaurace masa. Wani aboki ya ba shi tramol wai don ya iya karatun dare, ya sha, karatun bai shiga ba, barcin ma ya ƙara nisa. Ya fara ɗaukar kaya a tasha bayan lakwal, yana tara jika-jika a cikin safa, kuɗin motar da za ta kai shi wurin zinariya. Kuma ya gaya wa tsohuwar wata kalma da ta sa ta kashe wuta ta bar ƙosan: ya ce wani lokaci in ya kwanta yana fatan kada ya farka.

Tsohuwa ta tafi wurin kawun da kanta. Ta ce, "Malam, yaron nan a kai shi gidan likita, majo ya zauna da shi." Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Inna, ɗan 'yar'uwata ba mahaukaci ba ne."

Wannan amsar ita ce dalilin rubutun nan. Ba kawun muke zagi ba, mutum ne da ya riƙe ɗan wani a lokacin da nasa ma suka yi masa nauyi, Allah ya saka masa. Amma amsarsa amsarmu ce gaba ɗaya, kuma ita ke cinye mana yara.

A kanmu gida biyu ne kawai: ko lafiya lau, ko Pabiyon E na babban asibitin Yamai. Ko kana dariya a fada, ko kana yawo tsirara a kasuwa. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗin Talak, kuma a cikinsa yaranmu da yawa suke tafiya ba ruwa. Damuwar da ke hana barci. Tsoron da ke sa hannu rawa a ɗakin jarrabawa har abin da aka haddace ya gudu. Baƙin cikin da ke sa tuwo ya koma kamar ƙasa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana ɗauke da irin wannan lalurar. Ku ɗauki ajin da ke da yara 70, ku yi lissafin da kanku. Goma ne. Goma a aji guda, kuma maganin da muka tanadar musu duka shi ne bulala da gori.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Duk wanda ya tashi a Ayar ya ji kalmar tamazai, ciwon da ke kama zuciya mutum ya yi shiru, ya janye daga jama'a, ya daina ci. Ba mu zo yin fatawa kan yadda suke maganinsa ba, wannan filin malamai ne. Abin da muke nunawa shi ne sun ba abin suna, sun yarda ciwo ne, kuma ba su bar mai shi shi kaɗai a cikin tanti ba. Mata suna taruwa a kansa. Mu da muka zo birni, muka yi boko, muka riƙe waya, sai muka zubar da sunan, muka bar ciwon, muka kira shi ragwanci.

Za a ce mana kunya. Mun sani. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Buzu kuma yana da takarakit, kuma wallahi ba mu raina ko ɗaya ba. Kunya ce ta sa yaron nan bai taɓa ɗaga ido ya kalli kawunsa ba, kuma hakan tarbiyya ce. Amma wannan karin maganar an yi ta ne don sirrin da wani ya ba ka amana. Ba a yi ta don yaro ya haɗiye ciwonsa har ya kashe shi ba. Kuma ku duba tarkon da muka ɗana: yaron da ke zaune gidan wani ba zai iya gaya wa mai gidan cewa gidanka ya yi mini nauyi ba, wannan butulci ne. Ba zai iya gaya wa uwarsa ba, ita da ta sayar da awakinta. Ba zai iya gaya wa mushe ba, shi da ya yi masa dariya. Duk ƙofofin da ke kusa kunya ta rufe su. Saboda haka ne ake bukatar wani na gefe, wanda ba ya bin yaron bashin tuwo, wanda yaro zai faɗa wa magana ba tare da ya ci amanar kowa ba. Aikin mai ba da shawara ke nan, ba wani abin Turawa ba ne.

Za a ce rashin tawakkali ne, a yi masa addu'a. A yi, mu ma muna yi. Amma in zazzabin cizon sauro ya kama yaro, wane uba ne yake tofa masa addu'a ya ƙi kai shi likita? Muna yin biyun, ba mu taɓa ganin sun yi faɗa ba. Me ya sa in ciwon a jini yake sai mu haɗa addu'a da magani, in a zuciya yake sai mu ce zaɓi ɗaya? Muna roƙon limamanmu, musamman ranar Juma'a, su faɗi wannan da bakinsu. Kalma guda daga liman ta fi rubutunmu ɗari.

Akwai kuma masu cewa, kuma su ne suka fi gaskiya cikin masu ja da mu: to ina mai ba da shawarar yake? Kuna ta cewa a kai yaro, a kai shi ina? Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Zuwa Yamai ya haura 1,000. Wa zai bar garkensa a Dannet ya yi wannan tafiyar don ɗansa ba ya barci?

Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Yamai. Cewa yaro "je ka nemi shawara" alhali babu ɗakin da zai ƙwanƙwasa, yaudara ce, kamar nuna wa mai ƙishi rijiyar da ta ƙafe. Amma wannan hujja ce ta mu haƙa rijiyar. Ba hujjar mu koma mu ɗauki bel ba ce.

Wasu da suka yi fama da irin rashinmu sun haƙa. A Zimbabwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya duba ya ga ƙasarsa ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da za su isa, sai a 2006 ya fara horar da tsofaffin mata a birnin Harare. Aka kafa benci na katako a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka, zama shida, ta saurare shi, su zaɓi matsala guda cikin tarin da ke kansa, su nemi abin da zai iya yi a kanta kafin zama na gaba. In ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta miƙa shi ga ma'aikacin lafiya. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi, ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum. A harshensu suna kiran ciwon da sunan da ke nufin yawan tunani, daidai yadda mu ma muke cewa tunani ya yi masa yawa. Benci da tsohuwa. Wanne ne babu a Akokan? Mai ƙosan nan ta yi rabin aikin ba tare da kowa ya koya mata ba.

Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008, mhGAP, wanda aka yi musamman don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci irin majo da ungozoma su gane waɗannan cututtukan, su yi abin da za su iya, su tura abin da ba za su iya ba. Ke nan ba sai an jira an gina mana Pabiyon a Arlit ba.

Bari mu faɗi abin da ya fi ci mana rai. Garin nan ya fi kowane gari a Nijar sanin awo. Tun 1971 da Somair ta fara fitar da uraniyom ake awo a nan. Ma'aikaci yana shiga rami da na'ura a jikinsa tana ƙirga abin da ya shiga jikinsa wanda ido ba ya gani. An auna ƙura, an auna ruwa, an yi gardama kan alƙaluman shekara da shekaru. Mu muka fi kowa yarda cewa abin da ba a gani yana iya cin mutum a hankali. Amma nauyin da ya sauka kan 'ya'yan waɗannan ma'aikatan da rami ya rufe, da Imuraren ta tsaya, da kasuwa ta mutu, babu wanda ya yi masa awo. Awonsa kawai shi ne takardar sakamako, ita ma in ta nuna ja sai mu doki takardar a fuskar yaron.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga ma'adinai ya koma wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Muna tambayar ma'aikatun magajin gari na Arlit da Dannet, cikin ladabi: nawa zai ci a horar da malamai biyu a kowace kwaleji, mace ɗaya namiji ɗaya, a ba su ɗaki mai ƙofa da sa'o'i biyu a mako? Bai kai kuɗin katangar lakwal guda ba. Kwamitin COGES yana nan, ƙungiyar iyayen yara tana nan, iyaye mata na AME suna nan, USN tana nan. Muna jin muryar ɗalibai in kuɗin alawus ya makara ko benci ya yi kaɗan, kuma suna da gaskiya. Muna son mu ji ta a kan wannan ma. A taron iyayen yara na gaba, duk wanda ya karanta wannan ya ɗaga hannu ya tambaya: in ɗana ya shiga damuwa, wa zai gani a lakwal ɗin nan?

Sai dai akwai sharaɗi, kuma in babu shi gara kada a fara. Sirri. Garinmu ƙarami ne, maganar da aka yi a Akokan da safe kafin la'asar ta isa tashar Arlit. Malamin da yarinya ta gaya wa damuwarta, ya je ya baje ta a ɗakin malamai ana shan shayi, ya fi wanda bai saurare ta ba cutarwa, don bayan ita babu yarinyar da za ta ƙara buɗe baki a wannan lakwal har shekara goma. A zaɓi masu riƙe baki, ko da ba su ne masu manyan takardu ba. Kuma a gane cewa sauraro ba wa'azi ba ne. In yaro ya yi minti biyu yana magana kai ka yi minti talatin kana ba shi labarin wahalar da ka sha a zamaninka, faɗa ka yi masa da murya mai taushi. Sirrin yana da iyaka guda: in ran yaro yana cikin haɗari, ko wani yana cutar da shi, dole a nemi taimako, kuma a gaya wa yaron hakan tun farko.

Mun yi ta cewa yaro, yaro. 'Yan mata abin ya fi tsanani a kansu. Yarinyar da aka kawo gidan dangi don karatu sau da yawa ita ce mai wanke-wanke, mai raino, mai ɗebo ruwa, sai kowa ya kwanta take buɗe littafi. In makinta ya faɗi ba a cewa me ya faru, cewa ake yi kan ba ya ja, a yi mata aure. Wata kuma abin da ya sa ta yi shiru ba ya faɗuwa ga namiji ko da mahaifinta ne. Shi ya sa muka ce lallai a samu mace.

Yanzu kai ɗalibi, ke ɗaliba, da kuke karanta wannan a wayar aro. In kun yi mako biyu ko fiye barci ya lalace, abinci ba daɗi, abin da kuke so da ya daina burge ku, karatu ba ya zama, kuna jin ku kaya ne a kan mutane, wannan abu ne da aka sani, yana da magani, kuma ba ku kuka jawo shi ba. Ku zaɓi babba guda da kuka taɓa ganin ya riƙe maganar wani. Malama ce, gwaggo ce, liman ne, majo ne. Ba sai kun iya tsara magana ba. Ku ce, "Ba na barci, kuma tunani ya yi mini yawa, ina son in yi magana da wani." Ya isa. In na farko ya yi muku dariya, laifinsa ne, ku je wurin na biyu. Tramol kuwa bashi ne, daren yau yake ba ka ya karɓe na wata guda, kuma in kun riga kun fara, ku faɗa wa likita gaskiya, ya ga irinku da yawa. Faɗuwa BEPC ba ƙarshen hanya ba ne, ana maimaitawa, akwai cibiyoyin koyon sana'a. Tun 2014 da zinariyar Jado da Cibarakatan ta buɗe muna ganin masu dawowa da babur, kuma kowace unguwa ta san gidan da aka yi zaman makoki ba gawa. Wanda zai tafi ya tafi da hankalinsa a kwance, bayan ya yi shawara. Kada ya tafi don yana gudun idon kawunsa.

Ku kuma abokai na fada, ku kuke fara gani kafin iyaye. Labarin zuciya a tambayi fuska. In abokinku ya fara maganar gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa, ko yana ban kwana ba tafiya, kada ku ce wasa yake. Ku tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kira babba, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba. Ya yi fushi da ku, fushin zai wuce.

Yaron da muka fara da shi, kawun ya kai shi daga baya. Ya ce wa maƙwabta ciwon kai ne, mu kuma muka bar shi a haka, tunda da wannan sunan ne kawai ƙafarsa za ta iya zuwa. Majo ya sa kawun ya jira a waje, ya rufe ƙofa, suka daɗe. Da suka fito ya kira kawun shi kaɗai, shi ma suka daɗe, kuma wanda ya gan shi ya ce da ya fito rawaninsa ya ja har kan ido. Yanzu yaron yana komawa duk Alhamis. Ya daina ƙwayar. An mayar masa da wayar, yana magana da mahaifiyarsa in ta hau tudun da ake samun layi. Takardar zango na biyu ta fito da 9 da ɗan wani abu, har yanzu bai kai 10 ba, jarrabawa kuma tana tafe. Kuɗin motar da ya tara, jika goma sha takwas, ya kai wa tsohuwar ajiya. Suna nan ƙulle a bakin zanenta, ta ce ba za ta ba shi ba sai ya fito daga ɗakin jarrabawa.